Masuncin da ke Bin Jirgi

"Mama, ba taga ba ce," in ji 'yar Hajiya a gaban baƙi, a falonsu na unguwar Small Heath.

Hajiya ta ajiye kofin shayi. Yanzu ta gama labarin hutunsu ita da maigidanta a katafaren jirgin ruwa. Jiri ya tsare ta a ɗaki kwana bakwai, ga tabarau ta manta a gida, sai taga ke ɗebe mata kewa: teku a kwance, wani ramammen masunci a kwalekwale yana bin su, ko hutawa ba ya yi.

"Zanen fenti ne aka rataye, Mama."

Hajiya kuwa har a addu'a ta sa mutumin.

"To wa ke cinye abincin da nake ajiye masa a bakin tagar?"

Maigidan ya miƙe, wai zai duba mota.