Yashi a Madubin Maharbi

Kai da kake cewa ƙaramin sakaci ba ya cutar da kowa, saurari wannan.

An yi wani maharbi da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, jama'a suka haye kogi suka zauna a tsallake. Kowa ya fito in ban da yayansa, wani tsoho mai taurin kai, wanda ya ce ba zai bar kabarin ubansu ba. Hanya ta toshe, ba shiga ba fita. Abin da ya rage wa maharbin shi ne madubinsa na hangen nesa, mai ido biyu, wanda yake gano barewa da shi tun tana can ƙarshen fadama. Kowace Juma'a da hantsi sai ya hau tudun bakin kogi ya kafa shi a ido. Ga tsamiyar ƙofar gidansu, ga tsohon a gindinta yana tufka igiya. Sai ya yi hamdala ya sauko, ranar tuwo ya ciwu.

Madubin yana da gidansa na fata, da murafe, da ƙyalle mai laushi na gogewa. Amma hannu in ya saba da abu sai ya raina shi. Murfi ya faɗi a daji, bai nema ba. Gidan fatan kuwa ya ga yana ɓata masa lokaci in nama ya ɓullo, sai ya riƙa jefa madubin tsirara cikin burgami tare da wuƙa da harsasai, ya ɗaure a bayan babur suna gogar juna a kan gargada. In yashi ya hau gilashin, ba ya tsayawa ya hure, sai ya murza da bakin riga. Matarsa ta ce, "Maigida, abin nan fa shi ne idonka." Ya ce, "Ɗan yashi me zai yi wa gilashi?"

Bayan damina aka kawo labarin an ji harbe-harbe a ƙauyen. Bai jira Juma'a ba, ya hau tudun yana haki. Da ya kafa madubin, rana ta faɗa cikin karce-karcen gilashin ta watse, komai ya yi fari kamar ruwan tsari. Ga tsamiyar can dishi-dishi, ga wani abu a gindinta. Mutum ne? Turmi ne? Ya hura, ya wanke da ruwan gora, a banza, ɓarnar ta riga ta ci cikin gilashin. Ya zauna har inuwa ta juya yana jiran abin ya motsa, kuma bai iya rantsewa ko ya motsa ko hawayensa ne ba. Har yau yana hawa tudun nan, ya kafa madubin, ya ce a hankali, "Yaya, kai ne?"

Shi ya sa Hausawa suka ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.