Ramuka Goma Sha Takwas a Bayan Tudun Yashi

Tunda an tura ka aiki ƙasar da ba ka sani ba, ɗan'uwa, tsaya ka ji wannan. An yi wani gwanin zanen filaye da wani attajiri ya ɗauko daga birni, ya ce ya shimfiɗa masa filin wasan golf a tsakiyar hamada, wasan nan da ake bugun 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Gwani ya zana abinsa a takarda, ya sa katafila ta baje tuddan yashi, ya shuka ciyawar da aka kawo daga ƙetare. Wata uku fili ya yi kore shar. Rana ɗaya guguwa ta taso, kafin la'asar ko tutar rami ɗaya ba a gani. Attajiri ya ba shi shekara guda, in bai yi ba a sallame shi da leburorinsa ɗari.

Yana zaune kan yashi ya yi tagumi, sai ga wani tsohon makiyayin raƙuma. Tsoho ya ce, "Ɗana, a kan hanyar iska ka yi shimfiɗa. Tun zamanin kakana nan take bi." Gwani ya naɗe takardarsa ya bi shi a ƙafa. Wata bakwai suna yawo. Tsoho ya nuna masa tudun da ke tafiya da wanda bai taɓa gusawa ba, da kwarin da aduwa ta yi jeri, inda in an haƙa gaba huɗu ake tarar da ruwa. A bayan tuddan nan masu zama gwani ya ɓoye ramukan wasan goma sha takwas, ya shuka ciyawar ƙiri-ƙiri da raƙuma ke ci, ya bar wa iska hanyarta, ya haƙa rijiya a kwarin, ya gina wa makiyaya kwamin shayar da dabbobi a bakinta. Da guguwa ta dawo, sama ta yi jawur har rana ta ɓace. Washegari gwani ya hau tudu. Sai ya hango kogin sabon yashi ya ratsa tsakiyar fili ya wuce, dama da hagu kuwa kore na sheƙi da raɓa, tutoci na kaɗawa, barewa biyu na kiwo a bakin rami na tara. Ya cire hularsa, ya daɗe a tsaye, yana tasbihi. Yau jikokin leburorin nan ne ke ba filin ruwa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, da ɗan gari akan ci gari.