Gaurakan Inna

Tunda ka ce wanda yake son abu ba ya cutar da shi, gyara zama in ba ka misali.

A bakin wani tafki can arewa an yi wata tsohuwa da yanar ido ta rufe wa gani, ba ta bambance komai sai haske da duhu. Mijinta masunci ne, ya daɗe da rasuwa. A bayan gidansu, cikin ruwa, akwai wani dunƙulen kachalla da marigayin bai taɓa yarda an sa wa lauje ba. Ko kachallar ta tare masa hanyar kwalekwale sai dai ya zagaya, domin a cikinta wasu gauraki biyu, mace da namiji, suke yin sheƙa kowace damina. Da ya rasu, sauran masunta suka ci gaba da zagayawa don ganin girmansa. Tsohuwar ba ta ganin tsuntsayen, kukansu take ji. In suka yi kuka da sassafe, sai ta tsaya da jan carbi ta ce, "Baƙin Malam sun tashi." Abin da ya rage mata na mijinta ke nan, kuma ya ishe ta.

Tana da ɗan auta a birni, sana'arsa ɗaukar hoton tsuntsaye da namun daji. Ba zan ci haƙƙinsa ba, gwani ne, kuma son tsuntsu yake yi har zuci. Wata damina ya kwaso matarsa da 'ya'yansa suka zo hutu, yana rataye da kyamara mai dogon baki kamar taɓarya. Uwar da bakinta ta kwatanta masa wurin sheƙar, don murnar an samu mai gani ya ba ta labari. Abu ɗaya ta ce masa: "Auta, ka kalla daga nesa, kada ka taɓa musu ɗaki."

Ya tafi ya laɓe cikin kwalekwale, sauro na gasa masa aya a hannu, har ya hango macen kwance kan ƙwai, tukkunta na ƙyalli da hantsi. Amma duk hoton da ya ɗauka, sai ya tarar da ganyen kachalla ya gitta fuskar tsuntsuwar. Ya koma washegari, haka. Ya sake komawa, haka. Yara na roƙon ya kai su yawo a ruwa, yana ce musu sai gobe. Ana nan sai ya aro lauje a maƙwabta. Matarsa ta gan shi ta ce, "Baban yara, Inna fa ta yi magana," ya ce ai ɗan gyara kawai zai yi.

Gyara! Wa ya aike shi? Tsuntsuwar da ta zaɓi duhun kachalla, ce masa aka yi ba ta san inda haske yake ba? Ya jira gaurakan suka fita kiwo, ya yanke abin da ya tare masa gani. Ya duba, ya ga gefen gabas na hana rana shiga, ya ƙara yanka. Ya ga wasu tsiraru sun ɓata bayan hoton, su ma ya share. Kafin ya ajiye laujen, sheƙar na fili tsirara kamar faifai a tsakar gida. Uwar ƙwan ta dawo tana ɗari-ɗari, ta kwanta don ba yadda za ta yi, shi kuwa ya samu hoton da bai taɓa samun irinsa ba. Ya juya gida idonsa na kan kyamara, ko waiwaye bai yi ba. Da ya waiwaya da ya ga hankaki a kan giginya, sun riga shi fara kallo.

Washegari ɓawon ƙwai ya tarar yana yawo a kan ruwa. Gaurakan suka wuni suna kewaya wurin da wani irin kuka, har tsohuwar ta tambaya daga ɗaki ko lafiya. Daga nan suka tashi. Shi ya lallashi kansa da cewa baɗi za su dawo. Baɗi ta zo shiru, ta bayanta ma shiru. Masunta da suka ga babu sauran wanda ake zagayawa dominsa, suka sa lauje suka buɗe hanya, tsohuwar na zaune tana jin saran.

Hoton kuwa ya yi suna a birni, an yaba, an tafa. Sai ya sa aka wanke shi babba, aka sa a gilashi, ya ɗauko ya kawo wa uwarsa, wai ya faranta mata. Ya durƙusa ya ɗora mata a cinya, jikoki sun kewaye. Ta shafa gilashin da tafin hannu, daga wannan gefe zuwa wancan, ta ce, "Mene ne wannan mai sanyi?" Ya ce, "Gaurakanki ne, Inna, ga su nan kamar za su yi motsi." Ta karkata kunne ta saurara, ta daɗe a haka. Can ta ce, "To, ce musu su yi kuka in ji." Ta miƙa masa abinsa ta ce, "Kai wa masu ido, Auta."

Ka ga dai ba ƙiyayya ce ta kai shi ba, so ne, son da bai san iyakarsa ba. Shi ya sa Hausawa suka ce garin neman gira a rasa ido.