Kiran Wule

Tun da aka dawo da zakoki dajin Rafin Gora, doka ta ce kowace ruga za ta ba su saniya ɗaya in layi ya zo kanta. Ranar nan layi ya zo kan Baffa Manu.

Ya kora wata tsohuwar saniya mai tari zuwa ƙofar shingen dajin, sauran garken na biye. Tanimu mai gadi ya leƙa bakinta, ya yi tsaki.

"Baffa, so kake ka sa wa zakin gwamnati tari? Waccan jar za ka bayar."

Wule ce, saniyar da nononta ke riƙe da jikokin Manu. Masu gadi suka sa mata igiya, suka ja, suka doka. Ta ji warin zaki, ta turje.

"Ai ba ta bin baƙo," in ji Manu.

"To, shiga ka kira ta. In ka ƙi, garken duka zai shiga."

Manu ya tsaya daga ciki, ya yi mata kiran da yake mata tun tana maraƙa. Ta zo da gudu tana lasar hannunsa. Ya fito, aka rufe.

Tanimu ya shafa ɗan akwatin da ke rataye a ƙofar. "Ya ɗauki muryarka, Baffa. Baɗi ba sai ka wahala ba."

Ya danna don gwaji. Muryar Manu ta tashi, mai taushi. Shanun duka suka ɗaga kai, suka wuce Manu, suka nufi ƙofar.