Otal Mai Falo da Babban Lilo

Kafin ka yanke shawarar inda za ku sauka da iyalinka, ga wani misali.

An yi wani mai sayar da yadi a wani ƙaramin gari, mutum mai son jama'a, wanda ya yi wa 'yarsa Nusaiba alkawari. Yarinyar ta gama firamare, bayan hutu za a kai ta makarantar kwana. Tun da ta ga hoton babban lilon da ke wurin wasan yara na birni, wanda ke juyawa da mutum sama har ya hango rufin gidaje kamar an jera faranti, ba ta da zance sai nasa. Uban ya ce kafin ta ɗauki akwatin makaranta sai ta hau shi, kuma shi da kansa zai kai ta. Da lokaci ya yi, ya bar shago na 'yan kwanaki, aka zauna zaɓen masauki a waya. Otal biyu ne. Ɗaya ƙarami, ɗaki da banɗaki da fanka, yana kallon ƙofar wurin wasan, titi kawai za a tsallaka. Ɗayan yana can wancan gefen birni, dogon bene mai tafkin wanka da wani falo mai kujerun da mutum ke nutsewa a ciki. Matarsa ta ce ita na kusa ya yi mata, tunda ba barci aka je yi ba, wasa aka kai yara. Shi kuwa ya daɗe yana kallon hoton falon. Yana da dangi da abokai a birnin, kuma shekara da shekaru a gidajensu yake sauka in ya je sarin kaya, a shimfiɗa masa katifa a ɗakin samari. Ya ce a ransa, in suka zo gaisuwa a ƙaramin otal, ina zai ajiye su? A bakin gado? Sai ya zaɓi mai falo, suna isa kuma ya bi su ɗaya ɗaya a waya ya sanar da su inda ya sauka.

Washegari yara sun yi wanka, sun sa kaya, Nusaiba har ta ɗaura igiyar takalmi, sai aka ce ɗan baffansa yana ƙasa da iyalinsa. To, Bahaushe ba ya ce wa baƙo fita za mu yi. Aka kawo lemo, aka taɓa hirar gida, aka yi azahar tare, yaran baƙi suka ga tafki suka faɗa. Kafin a yi rakiya rana ta yi sanyi, hanya kuma da nisa, sai aka bar tafiya sai gobe da sassafe. Goben kuwa gwaggonsa ce ta zo da kanta, tsohuwa mai ciwon gwiwa, da kwanon dambu a hannu. Wa zai bar gwaggo a kujera ya tafi kallon lilo? Ba ta tashi ba abokansa na makaranta suka iso, kowa yana shafa kujera yana cewa ashe haka Allah ya yi da kai. Maganar tana yi masa daɗi, ba zai ɓoye ba. Matarsa ta ja shi gefe ta ce ya bari ta kai yaran ita kaɗai. Ya ce a'a, alkawarinsa ne, kuma in aka nemi uwargida a gaisa aka ce ta fita wasa, me za a ɗauka? Daga ranar Nusaiba ta daina sa takalmi da safe. Takan zauna a bakin taga tana kallon motoci daga sama, ba ta tambaya, ba ta kuka.

Ranar ƙarshe ya rantse babu mai tsayar da shi. Sun sauko ke nan suka yi kiciɓis da wan matarsa a ƙofa, ya taso tun daga bayan gari don a gaisa. Aka koma falo. Sai bayan la'asar suka samu hanya, suka faɗa cunkoson masu tashi daga aiki, mota na rarrafe kamar kunkuru. Suna sauka maigadi na jan ƙofa, lilon kuma yana juyinsa na ƙarshe, ana sauke mutane. Uban ya roƙa, maigadi ya ba shi haƙuri ya ce mai kula da injin yana gama sauke waɗannan zai tashi. Da safe motar gida za su bi, ga shago, ga makaranta na jira.

Ya durƙusa ya ce, "Mamana, ki yi haƙuri, sai wani hutun."

Ta riƙe ƙarfen shinge tana kallon sama, ta ce, "Ba komai, Baba. Ai na gan shi. Ya fi na hoto girma."

Da wani hutun ya zagayo ya tayar da zancen, sai ta yi murmushi irin na 'yan sakandare, ta ce ita yanzu ta girma, a kai ƙannenta. Nan ya san alkawarin ya wuce inda za a cika shi. Ba wanda ya cuce shi, dangi zumunci suka yi, otal kuma ya ba shi abin da ya zaɓa. Shi ne ya mance abin da ya fito da shi daga gida. Shi ya sa Hausawa ke cewa: garin neman gira, an rasa ido.