Gefen da Fenti Bai Taɓa Ba

"Wannan kabad ɗin nake so," ta ce wa mai gwanjo.

"Hajiya, dubi gefensa, duk an kakkarce shi da ƙusa. Sai dai fenti ya rufa masa asiri."

Yayarta ta ja mayafinta. "Kin rasa abin saye sai tarkacen da ƙannen mijinki suka sayar tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba? Bar musu tsiyarsu!"

"Ba nasu ba ne, Yaya."

Kwana uku tana gurzarsa, sannan ta shafe shi da fenti ja wur, irin wanda aka ce bai dace da matar mamaci ba. Ta girke shi a tsakiyar falo.

Da ƙannen suka zo gaisuwa, babbansu ya yi dariyar yaƙe. "Fentin ne ya ƙare? Kin bar gefe guda."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta kira 'yarta, ta jingina ta da gefen nan, inda uban yake auna tsawonta duk shekara. Layi shida ya bari. Ta ɗauki ƙusa, a gaban idonsu, ta ja na bakwai.