Mai Dira a Saman Kaina

Dim! Dim! Dim! Yau ma an fara.

Kwana tara ke nan sabon maƙwabcinmu na saman bene yana dira a kaina da sassafe. In wuni tsaye a asibiti, kuma ɗan barcin safen ma ya gagare ni?

"Ka yi haƙuri mana," in ji matata.

"Haƙurin me? Yau sai na ga wane marar mutunci ne!"

Na haye matakala a fusace, na daki ƙofar. "Kai wane irin mutum ne? Doki ka ɗaure a ɗaki?"

Ƙofa ta buɗe. Wani dattijo ne riƙe da igiyar tsalle, ya jiƙe sharkaf da gumi. Nan take na gane shi: majinyacin da na wanke tas a watan jiya saboda ƙiba da son jiki.

"A'a, Likita! Ashe kai ne a ƙasa? Ai umarninka nake bi, tsalle ɗari kullum."

Sai haki nake, na dafe bango.

Ya jawo mini kujera. "Zauna, ɗana. Matakalar nan fa goma sha biyu ce kacal."